Kamu Saba'in na Birnin Dalmaru

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya bar tsakaninsu a buɗe, ba ƙofa ba makulli. Ni ne Istifanus Gambo, wanda matafiya suka sani da Mai Awo. Na taka ƙasashe goma sha tara, na haye manyan ruwaye bakwai, na auna duwatsun da masu su ba su san tsawonsu ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya yi rauni, hannu kaɗai ya rage, shi ne zai rubuta labarin birnin Dalmaru. Ba don daɗi nake rubuta shi ba. Shekara ashirin da shida ke nan, amma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Sana'ata awon ƙasa da zanen taswira. A makarantar Mishan na koye ta, wajen wani malami mai tsanani. In ka ƙara rabin taku don lissafinka ya zo daidai, sai ya yaga takardar a gaban 'yan aji ya ce, "Istifanus, ƙasa ba ta yi maka ƙarya ba, kai ma kada ka yi mata." Da wannan na fita duniya, ina ɗauke da sarƙar awo da madubin awo mai ƙafa uku, burina in zana ƙasashen da ke bayan Tekun Toka, waɗanda ba a taɓa sa su a takarda ba.

Wuri na farko da na isa bayan na haye tekun shi ne birnin Gurmaza. Tun daga tafiyar yini biyu ake hango ganuwarsa. Na auna ta, kaurinta taku ashirin da huɗu, ko tsaga ɗaya babu. Ƙofofinta tara duk a rufe, an sa musu sakata ta ciki. Na yi ta sallama ba amsa, har na sami ramin da kuraye suka haƙa na shiga. Cikin birnin toka ce zalla, daga wannan bango zuwa wancan. Wani makiyayi da na tarar a waje ya ce mini Tirmizawa ne suka yi aikin, da jiragen yaƙi, tsakanin azahar da la'asar, kuma ko sojansu ɗaya bai taka ƙasar ba. Masu gadin ƙofa sun mutu da makullai a hannu.

Ban yi kwana goma da barin Gurmaza ba Tirmizawan suka kama ni, suka kai ni sansaninsu. Can na ga jirage jere kamar an shanya kifi, wasu na mutum ɗaya, wasu ma ba matuƙi a cikinsu, daga ɗaki ake juya su. Kwamandan sansanin, wani siriri mai suna Zabarma, ya ɗaga sarƙata ya yi dariya.

"Tsoho, abin da kake yi a shekara da wannan tarkacen, jirgina yana yi kafin shayina ya huce."

Ya shimfiɗa mini hoton da aka ɗauko daga sama. Wani birni ne a kwari, a samansa wata babbar madatsar ruwa, a ƙarƙashin madatsar kuma unguwa cike da gidaje. Ya ce Dalmaru ke nan. So yake in lissafa masa kaurin bangon madatsar, domin da zarar ruwan sama na ƙarshe ya cika ta, za su fasa ta, ruwa ya yi musu sauran aikin.

Na ce zan yi, amma akwai abin da ya fi wannan gaggawa: hanyar da jiragensa ke gudu kafin su tashi ta karkace, gefen gabas ya fi na yamma tudu. Gaskiya ce kuwa, da ido na gan ta. Ya tsorata, ya ba ni soja ɗaya mu je mu auna. Na tsayar da sojan a tsakiyar fili, na danƙa masa sandar awo, na ce ya riƙe ta a miƙe, in ya motsa ko da faɗin yatsa ne, jirgin kwamanda na iya kifewa, alhakin kuma a wuyansa. Sai na fara ja da baya da madubina, ina leƙawa, ina yi masa hannu ya matsa dama, ya matsa hagu. Na ja baya har na wuce shinge, na ja baya har na shige cikin kyauron bakin kogi. Ganina na ƙarshe da shi yana tsaye ƙyam da sanda, ƙuda na cizonsa bai kore shi ba.

Kwana ashirin da uku na yi a hanya kafin in kai Dalmaru. Ina cikin wata gonar dawa a bayan gari sai na ji ƙara kamar sama ta tsage. Wani jirgin yaƙi ya wuce ta kaina, ya kwantar da dawar, ya tafi da hulata. Na faɗi rubda ciki. Wata tsohuwa mai ɗauke da yumɓu ta tsaya a kaina tana dariya.

"Tashi, baƙo, namu ne. 'Yata ce ma, ja'ira, kullum sai ta tsorata mini jaki."

Sunanta Inna Tabawa, maginiyar tukwane ce, gidanta yana Unguwar Gangare, unguwar nan da na gani a hoto ƙarƙashin madatsa. Ita ta sauke ni. Da la'asar 'yarta Kande ta dawo, doguwar mace mai tabon ƙuna a wuya, ita ce shugabar matuƙan jiragen Dalmaru. Na tambaye ta dalilin da ya sa take shafar kan dawa da jirgi.

Ta ce, "Baba, ka ga wancan soron?" Ta nuna wani dogon gini a tsakiyar gari. "Maiƙasa, sarkinmu, yana zaune a ƙolinsa. Tsawonsa kamu saba'in. A Dalmaru ba a yarda kan wani ya wuce kan Maiƙasa ba. Mai hawa giginya ma sai ya sunkuya in ya kusa kai. Mu ma haka. Jirage arba'in gare mu, sababbi, sun fi na Tirmizawa gudu, amma ba mai wuce kamu saba'in."

"In mutum ya wuce fa?"

"A binne shi tsaye, a bar kansa a waje, don ya koyi inda kai ya kamata ya tsaya."

Inna Tabawa ta ce, "Ba ta gaya maka na itatuwa ba. Matuƙa goma sha ɗaya muka binne, duk kuka da giginya suka kashe su. Ba abokin gaba da ya taɓa harbin ko ɗaya."

Na ajiye ƙwaryar furar da ke hannuna. Na ba su labarin Gurmaza da hoton da na gani. Inna Tabawa ta dubi bangon madatsar da ya tokare bayan gidanta, ta ce to Allah ya kyauta, ta ci gaba da murza bakin tukunya. Kande kuwa sai ta miƙe ta ce in biyo ta.

Matakala ɗari biyu da goma muka hau kafin mu kai ƙolin soron. Na ƙirga su. A can na tarar da daɓen ɗakin an lulluɓe shi da jar ƙasa, domin al'adarsu ta biyu ita ce ƙafar Maiƙasa ba ta rabuwa da ƙasar Dalmaru, saboda haka ake hawo da ita a kwando. Maiƙasa dattijo ne mai sanyin murya, ba mugu ba, yana son leƙa taga ya ga bayan jiragensa suna wucewa ta ƙarƙashinsa. A damansa wani mai ƙaton rawani yana tsaye, shi ne Barmo, Mai Tsaron Al'ada.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, jirgin da ke ƙasa abincin jirgin da ke sama ne. Tirmizawa za su zo ta inda ko ƙararsu ba za ku ji ba, su saki bam a kan madatsa su koma. Mutum dubu shida ke kwana a Gangare. A bar matuƙa su hau."

Barmo ya ce, "Kai baƙo, jiya ka zo, yau kana koya mana zama? Kakanninmu sun kori rundunoni bakwai, ba wanda ya ɗaga kai sama da Maiƙasa."

"Rundunonin da ƙafa suka zo, ranka ya daɗe."

"To waɗannan ma ai sai sun sauko in za su ci garin."

"Ba cin garin suke so ba. Wanke shi za su yi."

Kande ta ce, "Baba Barmo, in an binne Gangare, al'adar a kan wa za ka tsare ta? A kan kwaɗi?"

"Ke, 'yar mai tukwane, iya bakinki."

Ina durƙushe, idona ya faɗa kan jar ƙasar da ke ƙarƙashin gwiwata, sai dabara ta zo mini. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga hanya da ba ta karya komai. Wannan ƙasar da kake takawa ai hawo da ita aka yi. A zuba irinta a faranti, a sa a babban jirgi, ka ɗora ƙafa a kai, a hau da kai sama da kowa. Ƙafarka tana kan ƙasar Dalmaru, kanka yana sama da na kowa, matuƙa kuma su sami sarari su yi yaƙi a ƙarƙashinka."

Idon Maiƙasa ya yi haske kamar na wanda aka yi wa albishir. Ya ce, "Barmo, ashe zan iya ganin girgije ta baya?" Barmo ya ce magana ce babba, sai majalisa ta zauna.

Majalisa ta zauna kwana goma sha tara. Ina nan, na ji da kunnena. Kwana huɗu suka yi a kan ko ƙasar da ta bar ƙasa tana nan ƙasa. Kwana uku a kan farantin, na tagulla ne ko na katako. Wani ya ce matuƙin da zai tuƙa Maiƙasa dole kujerarsa ta fi ƙasa, wani ya ce to in jirgin ya karkata fa, aka ƙara kwana biyar. Ni kuwa kowace safiya ina zuwa in auna ruwan madatsa, in kawo musu adadi: saura kamu uku ta cika, saura biyu, saura rabi. Suna karɓar takardar su gode mini, su koma kan faranti. Rana ɗaya na kasa daurewa na ɗaga murya na ce, "Ku dattawan banza, ruwa ba ya jiran majalisa!" Aka fitar da ni, aka ce ba ni da ladabi.

Ranar kasuwa da hantsi Tirmizawa suka zo. Ina kan bangon madatsa da madubina. Ɗigo goma sha biyu na gani can ƙololuwa, suna walƙiya kamar allurai. Mutane suka watse, kowa ya shige ɗaki. Sai na ji ƙara daga filin jiragenmu. Kande ce, da matuƙa biyar da suka yarda su bi ta. Ba su shafi dawa ba. Suka miƙe hancin jiragensu tsaye suka huda sama.

Na sa ido a madubi na bi ta, domin hannuna ya saba, ko ina kuka sai ya auna. Kamu dubu tara da ɗari huɗu ta kai. Ta faɗo wa Tirmizawa ta bayan rana, inda ba su taɓa zaton wani zai fito ba, domin su ma sun san al'adar Dalmaru, a kanta suka dogara. Jiragensu huɗu suka kama wuta. Sauran suka zubar da bamabamai barkatai a daji suka juya. Ɗaya kaɗai ya sami gefen madatsa, ya ɓare dutse, bango bai tsage ba. Duk abin bai kai tsawon dahuwar shinkafa ba. Na sauko Gangare na tarar da Inna Tabawa tana tsintar tukwanen da girgiza ta fasa, tana cewa, "Ka ga ja'irar nan, ko yau sai da ta jawo mini asara."

Washegari aka kama Kande. Sauran biyar aka ce umarni suka bi. Aka haƙa rami a gindin soro, daidai tsayinta, aka tara gari. Amma dokarsu ta ce ba a binne mutum sai da shaidar awo, ni kaɗai ne kuma mai awo a birnin. Barmo ya kira ni gaban jama'a.

"Baƙo, an ce kana kan madatsa da madubinka. Kamu nawa ta hau?"

Na dubi ramin. Na dubi Inna Tabawa, ta zauna a ƙasa ta rufe kai da zane. Shekara talatin da ɗaya ina awo, ban taɓa ƙara ko rage rabin taku ba.

Na ce, "Sittin da tara."

Jama'a suka yi gunaguni. Wani ya ce ai ya gan ta kamar ƙuda don nisa. Na ce hayaƙi da rana suna ruɗin ido, madubi kuwa ba ya ruɗuwa. Barmo ya miƙo mini takarda, na rubuta da kyakkyawan rubutun da aka koya mini da bulala, na sa hannu. Aka saki Kande, aka cike ramin. Na ɗauka na yi abin kirki.

Kafin azahar maroƙa sun cika gari suna shela cewa jirage shida sun kori goma sha biyu ba tare da sun wuce kamu saba'in ba. Majalisa ta sake zama, wannan karon rabin yini kawai, ta ce tun da al'ada ta ci yaƙi, ba a bukatar faranti. Ta ƙara da cewa don kada wani ya yi kuskure nan gaba, a kira maƙera su ɗaura wa sandar tuƙin kowane jirgi ƙarfe, yadda ko matuƙi ya so hawa ba zai iya ba. Aka kafa takardata a ƙofar soro, a cikin gilashi.

Na ruga wajen Barmo, na same shi shi kaɗai yana cin goro. Na ce, "Ƙarya na yi. Dubu tara da ɗari huɗu ta hau. In ba don haka ba da yanzu kifi ke kwana a Gangare."

Ya ɓare goron ya miƙo mini rabi. "Malam, ina da ido. Ni ma na gan ta."

"To don me?"

"In kan 'yar mai tukwane zai wuce na Maiƙasa gari ya zauna lafiya, gobe wa zai tambaye ni inda kai ya kamata ya tsaya? Ka rubuta, ka sa hannu. In ka janye, ramin bai bushe ba, haƙa shi ba wuya."

Na watsa masa goron a ƙirji na fita. Ban taɓa jin ina so in kashe mutum ba sai ran nan.

Kande ta same ni ina ɗaure kaya. Ta ce, "Baba, na gode da wuyana. Amma da ka faɗi gaskiya, da sun binne ni, gari kuma ya san abin da ya cece shi. Yanzu ka ba su takarda."

"Da na bari an binne ki a gaban uwarki?"

"Ni ban ce ka bari ba. Na dai gaya maka abin da ka yi."

Na roƙi Inna Tabawa ta bar Gangare ta koma tudu. Na bi gida gida ina roƙo. Gida goma sha huɗu suka ji, suka tashi. Ita kuwa ta ce, "Malam, yumɓun yana nan, kabarin mijina yana nan. A tudu me zan gina, tsakuwa? Ai kai da bakinka ka ce sittin da tara ta isa." Tana faɗa tana murmushi, ta cusa mini ƙaramin tulu a cikin kaya, ta ce ruwansa ya fi sanyi a hanya.

Na tafi kudu na ci gaba da taswirata. Bayan shekara ɗaya da wata biyu, a wata kasuwa, na ji fatake suna zancen Dalmaru. Na bar jakina a wurin na juya.

Tirmizawa sun dawo bayan ruwan ƙarshe, jirage tara kacal. Arba'in ɗin Dalmaru duk sun tashi, suna zagaye a ƙasa da ƙarfe a sandunansu, kamar kaji a akurki, ana harbinsu daga sama ɗaya bayan ɗaya. An ce an ga Kande tana dukan ƙarfen da guduma a filin jirgi har lokacin da aka busa ƙahon tashi, bai karye ba, ta shiga ta tashi haka nan. A bakin madatsa jirginta ya faɗi. Bam na uku ya buɗe bangon.

Inda Gangare take, laka na tarar, shimfiɗe sumul, ko kan katanga ba a gani. Na nemi gidan Inna Tabawa da taswirar da na zana da hannuna, na tsaya daidai inda murhunta yake, ba abin da zan ɗauka.

Soron yana nan. Takardata ma tana nan a gilashinta, an matsar da ita sama don kada ta jiƙe. Na ji an ce majalisa tana zaune a ciki, an dawo kan maganar faranti. Maiƙasa ya leƙo ta taga ya ɗaga mini hannu. Ban ɗaga masa ba.

Na kafa madubina a cikin lakar, na ja sarƙa, na auna layin da ruwa ya bari a jikin soron. Na auna sau uku kamar yadda aka koya mini. Kamu goma sha ɗaya da rabi. Tsakanin ruwan da tafin ƙafar Maiƙasa akwai kamu hamsin da takwas da rabi, busassu. Na rubuta adadin a bangon da gawayi, ƙarƙashin gilashin, na sa hannu.

Tulun yana nan kusa da gadona, har yau ruwansa da sanyi. Iyakar abin da na gani ke nan a Dalmaru, ban ƙara ba, ban rage ba. Wanda ya buɗe sama ya bar ta ba makulli, Shi ne shaida.